Farin Goron Magagi

Duk wanda ya yi wayo a Filinge a ƙarshen zamanin Nasara ya san Magagi, kuma in ka tambayi mutum goma a kansa sai ka ji magana goma. Wani ya ce ɗan albarka ne, wani ya ce magulmaci ne da ya mai da gulma sana'a, wani kuma ya rage murya ya ce kunnen Kumandan ne, Baturen da ke mulkin garin, abin da ya ji a kasuwa da safe yana bariki kafin la'asar. Wannan ta ƙarshe dai sharri ce. Mutumin da ko mafarki ya yi sai duk unguwa ta ji, ina shi ina aikin ɓoye?

Dogo ne, siriri, mai ƙaton maƙogwaro da ke hawa da sauka tun kafin ya buɗe baki. Gona yana da ita, amma ciyawa ta fi shi sanin hanyarta. Dukiyarsa ɗaya ce, wani raƙumi mai baƙin hali da ya saya wurin wani Buzu na Imanan, wanda mutanen gari suka laƙa wa suna Tangaraho.

Sana'arsa albishir. Kurfayawa, mutanen ƙasar Kurfai inda Filinge take, mutane ne masu tafiya. Da an ɗaure gero samari sun kama hanyar Kumasi da Ankara, wasu kuma Nasara ya kwashe su aikin soje, sai a bar tsofaffi da mata suna kallon hanya. Kamyo ɗaya, wato babbar motar kaya, ke zuwa daga Yamai a mako. Takan tsaya kasuwar Bonkuku inji ya huce, sannan ta kama dambe da rairayin kwarin Dallol, a tura, a tona, a shimfiɗa kara, ba ta isa Filinge sai rana ta karkata. A Bonkukun nan Magagi ke jiranta. Bisa raƙumi yake matsowa, ya leƙa ta saman katakon kamyon ya ga fuskokin da ke ciki, sannan ya yanke ta cikin gonaki. Kafin mota ta fita daga ramin farko, shi yana ƙofar gidan mutane yana kwaɗa sallama.

Kowa ya san yadda ake albishir. Ka ce albishirinka, a ce goro, ka ce fari ko ja, mai gida ya zaɓa. To Magagi ya juya abin, shi ke faɗin launin goron da kansa. In labarin ji ya yi a bakin wani, sai ya ce ja, wato ka karɓa da hannu ɗaya, in ya tashi ƙarya babu ruwansa. In kuwa da idonsa ya gani, sai ya ce fari. A kan jan goro Magagi ya aurar da gwauraye a Kumasi, ya naɗa wa masu dako sarauta a Ankara, gishirin da yake zubawa ya ishi miyar biki. Amma a kan fari ba a taɓa kama shi ba. Ya ma rantse a tsakiyar kasuwa, gaban mahauta da dillalai, cewa ranar da farin goronsa ya yi ƙarya zai sayar da Tangaraho ya kama bakinsa har kabari. Mutane suka riƙe wannan rantsuwa da kyau, don akwai masu ɗokin ganin ranar.

Babbansu Salisu mai kanti. Bayan ƙuri'ar nan ta I da A'a kan zama tare da Faransa, da aka buɗe gidan radiyo a Yamai, Salisu ya sayo akwatin magana ya ɗora bisa tebur a ƙofar kantinsa. Masu zama gindin raƙumin Magagi suka kwashe tabarminsu suka koma can.

"Ka ga wagga?" in ji Salisu, yana shafa akwatin. "Ta san Dakar, ta san Faransa, kuma ba ta cin goron kowa."

"To tambaye ta ko ɗan Asta ya yi ƙiba Kumasi," in ji Magagi.

Aka yi dariya, amma abin ya ci masa rai. Ya fara jin ana kiransa tsohuwar radiyo, wadda pil ɗinta, wato batirinta, goro ne.

Akwai wata tsohuwa a bayan masallacin Juma'a, Salamatu, wadda Magagi ya daina bi ta ƙofar gidanta don ba shi da abin faɗa mata. Ɗanta Issa shi ne ɗan kokawar da Kurfai ta yi alfahari da shi. Daga Sanam har Bonkuku babu wanda ya kai bayansa ƙasa, makaɗa sun yi masa take nasa na kansa, 'yan mata na jin kiɗan suna barin turmi. Aka ɗauke shi soje aka kai shi yaƙin Aljeri. Ana nan sai wani abokin tafiyarsa, Manzo, ya dawo ya ce da idonsa ya ga motar da Issa ke ciki ta taka nakiya ta kama da wuta. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in, aka shafa fatiha.

Issa ɗan fari ne, kuma Salamatu mace ce ta dā, mai kunya ta gaske. Tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa ba. Wurin kakarsa ya tashi. In dole ta kama ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan" ko "wancan". In ya yi kaye a fili ana guɗa, ita sai ta juya baya ta shiga gyaran murhu. Ko ranar da Manzo ya kawo labarin, ba wanda ya ga hawayenta. Ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta koma ta ɗauki taɓarya, sai dai maƙwabta sun ce ta yi ta dakan nan har geron ya zama gari ba ta sani ba.

Ranar da abin ya faru kaka ce, an gama yankan gero, rumbuna sun cika, makaɗan kokawa sun fara ɗaure gangunansu. Magagi ya matso da Tangaraho jikin kamyo a Bonkuku kamar kullum. Rannan babu ɗan Filinge ko ɗaya, duk fatake ne Zabarmawa da Fulani masu wucewa gaba. Har zai juya sai ya hango wani a lungu cikin buhuna, da babbar rigar soje, ya naɗe fuska da rawani. Mutumin ya janye rawanin zai sha ruwa.

Maƙogwaron Magagi ya hau bai sauko ba. Ga zanen Kurfayawa a kumatu, ga tabon nan a gira da wani ɗan kokawar Sanam ya bar masa.

"Issa na Salamatu!"

Mutumin ya ɗago kai. "Magagi," ya ce a hankali.

Magagi ya miƙa dogon hannunsa ta saman katako ya damƙi kafaɗarsa. Tsoka ce, da ɗumi, ba fatalwa ba.

"Tsaya, Magagi," in ji Issa. "Tsaya in gaya maka..."

Wa zai tsaya? Labarin da ya fi kowane labari tun da Allah ya yi shi ya faɗo masa a hannu, matacce ya tashi, kuma akwatin Salisu bai san da shi ba! Ya zabga wa Tangaraho bulala, raƙumin ya yi wata ƙara ya miƙe wuya. Suka keta kasuwa, masu tallan fura na tsalle gefe suna zagi da Zabarmanci. Suka faɗa gonaki, karan gero na karyewa, shanun Fulani da ke kiwo a ciki suna watsewa. Hularsa ta faɗi, ya kama ta a iska. Yana dariya shi kaɗai, yana kuka, yana yi wa raƙumi kirari.

Mutanen ƙauyukan hanya sun san gudun Magagi, amma ba su taɓa ganin irin wannan ba. Suna fitowa suna kira, "Mi ya hwaru? Yaƙi na?" Bai ko rage gudu ba. Yana da doka guda da ko maƙiyansa ke yaba masa: mai labari shi ke fara ji. Ranar nan dokar ta kusa fasa masa ciki, sai cizon leɓe yake yana wucewa.

Ya tarar da Salamatu tsakar gida tana shiƙar gero. Bai jira raƙumi ya gama durƙusawa ba ya diro.

"Albishirinki, Inna!"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka ɓata gida, Magagi. Nan ba mu da kowa bisa hanya."

"Albishirinki, nac ce!"

"Goro," ta ce, don a rabu.

"Hwari!"

Faifan ya tsaya a hannunta.

"Hwari tas, Inna. Issa na da rai. Na gane shi, na kira shi ya amsa, na taɓa shi da hannun ga. Shina cikin kamyo, yanzu haka shina tahe."

"Ka ji tsoron Allah, ɗan nan."

"Shi nika tsoro. Hwari nac ce."

Faifan ya kife, kaji suka yi caa a kan gero, ba ta ko kore su ba. Ta shiga ɗaki ta fito da goro ɗaya fari a cikin ɗanyen ganye, ta sa masa a tafi. 

Daga nan Magagi ya saki baki. Ya hau raƙumi ya bi gari lungu-lungu yana shela, kuma kafin a yi sallar azahar Filinge ta juye. Makaɗa suka fito suka saki taken Issa, wanda aka daina kaɗawa tun ranar makoki. 'Yan kokawa suka ɗaura layu suka shafa toka. Mata na guɗa, mahauta suka kayar da rago ba tare da sun tambayi wa zai biya ba. Salisu da kansa ya kashe radiyo ya rufe kanti, ya bi jama'a tasha yana cewa shi dai gani ya kori ji. Magagi na bisa Tangaraho a tsakiyar taro, ana miƙo masa hannu ta ko'ina, yana ba da labarin karo na ba adadi, kowane karo gudun raƙumin na ƙaruwa. Bai taɓa jin daɗin duniya kamar na wannan yini ba.

Aka je a taho da Salamatu ta ce Allah ya kiyaye, ita da zuwa taryar yaron nan a gaban mutane? Amma can an jima aka hango ta nesa, bayan wani gawo, wai akuyarta take nema.

Da la'asar kamyo ta shigo tana tari. Kiɗa ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Fatake suka sauko, Fulani suka sauko, aka sauke buhunan gishiri, aka sauke wata tunkiya. Shi ke nan. Gangunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Aka tambayi shofer mai tuƙa motar, ya ce shi kaya yake ƙirgawa, ba fuska ba. Wani bafatake ya ce i, akwai wani soje mai rufaffiyar fuska da ya sauka tun Bonkuku, amma shi ya ɗauka Buzu ne. Sai Manzo ya ratso taro, jijiyar wuyansa a tashe.

"Ni nag ga wutar nan da idona!" ya ce. "Wanga ya hangi rigar soje, yal laƙa mata suna don shi ci goro!"

Ba a kai ga amsa masa ba sai aka ga Salamatu ta baro gindin gawo. Ta ratsa maza ba ta ko gyara lulluɓi ba. Ta zagaya kamyon, ta ɗaga tamfol, ta leƙa ƙarƙashi. Sannan ta dafa katakon da hannu biyu ta ɗaga murya.

"Issa! Issa! Issa, hito, ni ta!"

Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai. Duk wanda ya san ta ya san abin da ya fita daga bakinta, ya kuma san ba ƙaramin abu ne ya fizgo shi ba. Ta zauna a ƙasa nan inda take, sai da magariba mata suka ɗauke ta.

Abin da Magagi ya sha a wurin nan, kare ba zai ci ba. Waɗanda suka yi ta miƙo masa hannu ɗazu su ne suka fara jifarsa da kashin raƙuminsa. Maƙaryaci, maci amana, mai kashe tsohuwa sau biyu don goro ɗaya. Salisu ya zagaya Tangaraho yana duba haƙoransa, ya ce in an tashi cika rantsuwa a fara yi masa magana. Magagi ya sa goron Salamatu cikin hula ya kifa a kai, ya ja raƙuminsa.

Gari na wayewa ya kama hanyar Bonkuku. Da ya bi ta tasha ya ga Salamatu har ta dawo, tana zaune inda ta zauna jiya.

Ya sami kasuwar Bonkuku ta watse, sai rumfuna da awaki. A rumfar ƙarshe, ta wani maƙeri, ya ga rigar soje. Wannan karon ya sauka, ya tako da ƙafa, ya ga abin da katakon kamyo ya ɓoye masa jiya. Sanduna biyu ne jingine da ginshiƙi. Ƙafar wandon Issa ta dama an naɗe ta daga gwiwa an soke da allura.

"Ka gani?" in ji Issa. "Abin da nis so in gaya maka ke nan, kab bi iska. Na so in shiga gida ba wanda ya sani. Da kat tahi na san mi za ni iskewa. Sun kaɗa taken?"

"Sun kaɗa."

"To wa za ya shiga hili? Wanga?" Ya bugi dungulmin da tafin hannu. "Sun riga sun yi mani arba'in, sun binne ni da ƙahwa biyu. Bar su haka nan. Kamyo na dawowa in koma Yamai. Kai ko koma ka ce ido na yay yi maka gizo."

Magagi ya zauna a kan turmin maƙera. Hanya a buɗe take gabansa, ya kuma gan ta sarai: ya hau Tangaraho, ya koma ya shelanta cewa Issa na Bonkuku da ƙafa ɗaya, duk mai shakka ya zo ya gani. Kafin azahar sunansa ya wanku, Salisu ya haɗiye dariyarsa. Maƙogwaronsa har ya fara motsi.

"Labarin ƙahwarka naka na," ya ce daga baya. "Ba ni kai shi in ba ka so. Amma ba ni cewa ban gane ka ba, don na gane ka."

"To sai ka sai da raƙumi."

"Sai in sai da shi."

Tangaraho na tuƙa, bai san ana cinikinsa ba. Can Magagi ya gyara zama, ya share murya, don abu ɗaya ya iya a duniya, kuma akwai wani mai labari da bai ji nasa ba tukuna.

"Albishirinka."

"Kada ka yi mani wasa, Magagi."

"Albishirinka, nac ce."

Issa ya yi tsaki. "Goro."

"Hwari. Jiya Inna ta zo tasha."

"Ƙarya kake. Inna ba ta zuwa taryata ko daga Makka nit taho."

"Ta zo. Da kamyo ta ƙare ba ka ciki, ta ratsa maza, ta ɗaga tamfol, ta duba ƙarƙashin mota. Kuma ta kira sunanka."

Issa ya juyo gaba ɗaya. "Mi tac ce? Yaron nan?"

"Issa tac ce. Da ƙarhi, gaban limami, gaban mahauta, gaban Kurfai dut. Issa, hito, ni ta. Ina kusa da ita kamar ni da kai. Yau da sahe ma na baro ta can zaune."

Mutumin da ya kayar da mazan Kurfai, wanda aka yanke wa ƙafa a ƙasar da ba ya jin yarensu, ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suka shiga rawa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Magagi ya juya yana duban awaki har ya gama.

"Durƙusar da raƙumin," in ji Issa.

Wannan ita ce tafiya mafi nawa da Tangaraho ya taɓa yi. Issa na bisa, sandunansa a ɗaure a gefe, Magagi na ƙasa yana jan akala. Ba su yi nisa ba Issa ya ce a sake faɗa masa yadda ta ce. Aka sake. Da suka wuce wata rijiya ya ce a ƙara.

Rana ta yi sanyi suka shigo tasha. Babu kiɗa, amma labari ya riga su, don yau wasu ne suka yi wa Magagi aikinsa. Mutane suka taru shiru. Manzo ya zo ya tsaya, ya dubi ƙafar, ya dubi fuskar, ya rungume Issa yana salati. Salisu ya cire hula yana sosa ƙeya.

Salamatu ta miƙe. Ta dubi ɗanta tun daga rawani har inda wandon ya ƙare, ta daɗe a wurin. Issa ya dogara sanduna ya matso, ya sunkuya iyakar yadda zai iya, yana jira. Sai ta ja lulluɓi ta kawar da kai gefe, kamar yadda ta saba tun yana yaro.

"An iso lahiya?" ta tambayi raƙumin. Sannan ta juya ga Magagi. "A kai yaron nan gida, ya sha rana. Kai kuma ci goronka."

Ya ciro shi daga hula. Ya yi yaushi, ya sha gumi, gefe ɗaya har ya fara ja. Ya ɓare shi nan gaban jama'a ya tauna da ƙarfi yadda Salisu zai ji.

Magagi ya ci gaba da sana'arsa har tsufa ya sauke shi daga raƙumi, ana zaginsa ana nemansa kamar dā. Abu ɗaya ya canza, ba ya ƙara juya akala sai ya sauka ya ga mutum tun daga kai har ƙasa. Issa kuwa ya koyi dukanci, ya kafa rumfa a kasuwa yana ɗinka layu da ɗamarun 'yan kokawa. Salamatu ta rayu shekaru bayan haka a gida ɗaya da shi, tana dafa masa tuwo, tana wanke masa dungulmi da ruwan ɗumi in sanyi ya taso, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake kama sunan nan ba.

Shi ya sa kowace ranar kasuwa, in Magagi ya zo wucewa, sai ka ga Issa ya ajiye basilla ya ciro farin goro daga aljihu ya ɗora a bakin tabarma.

"Zauna, Magagi," yakan ce. "Gaya mani yadda tac ce."